MOTAR DA KE TASHI YAU, GOBE TA ƘI: INA CUTAR TAKE?

A wannan mako za mu tattauna a kan wata cuta ta tsofaffin motoci wadda ta fi sauran cin kuɗin mai mota da ɓata masa rai, watau motar da za ta tashi lafiya lau yau, gobe ka murɗa makulli ta yi gum, jibi kuma ta tashi kamar ba ita ba. Motar da ta mutu gaba ɗaya ba ta da wuyar sha'ani, domin makaniki zai same ta a mace, ya bi ta sannu a hankali har ya ga inda ta lalace. Amma mai yi tana bari, ita ce ke mai da mutum abin dariya a gareji. Ka sa a turo ta da kyar, makaniki ya zauna ya murɗa sau ɗaya, ta kama. Ya dube ka ya ce, "Alhaji, ai motarka lafiyarta ƙalau."

Ni kaina na sha wannan wahala a kan wata Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da na gada daga kawuna nake hawa a nan Agege. Irin motar nan an fara yin ta a Faransa a 1968, aka kuma fara haɗa ta a Kaduna a 1975, har aka haye shekarar 2000 ana yin ta a can. Saboda haka har yanzu akwai ta a hannun jama'a, kuma kayanta ba su ɓace a kasuwa ba. Tawa takan ƙi tashi kamar sau biyu a mako, ba ta da rana, ba ta da lokaci. Makanikin farko ya ce batir ne, na sayi sabo. Aka yi kwana tara lafiya, ta koma halinta. Na biyu ya ce kik ne, aka cire aka sa wani. Shi ma bai hana ba. Ina nan ina lallaɓa ta, har wani dare wajen ƙarfe biyu maƙwabcina ya buga mini ƙofa, matarsa naƙuda ta kama ta. Muka sa ta a mota, na murɗa makulli, sai na ji "ƙas", shi ke nan. Na sake, "ƙas". Da ba don samarin unguwa da suka fito suka tura mu ba, Allah kaɗai Ya san yadda daren nan zai ƙare. An sauka lafiya a asibiti, amma ni tun daga ranar na daina ɗaukar wannan cuta da wasa.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijo ne mai gyaran wayarin, kuma ranar farko ko sifana bai ɗauka ba. Cewa ya yi, "Malam, je ka sayi ɗan littafi ka ajiye a mota. Duk ran da ta ƙi, ka rubuta mini lokaci, da ko injin na da zafi ko sanyi, da ko an yi ruwa, da irin ƙarar da ka ji, da abin da fitila ta yi." Da farko na ɗauka raini ne. Ashe rabin gyaran ke nan, domin makaniki ba ya nan sa'ad da abin ke faruwa, kai ne idonsa, kai ne kunnensa.

KUNNE KAFIN SIFANA

Abu na farko da ya wajaba mai mota ya rarrabe shi ne wannan: da ka murɗa makulli, injin yana juyawa ko kuwa ba ya juyawa? Mutane da yawa sukan zo gareji su ce "ta ƙi tashi" kawai, alhali kuwa cuta biyu ce daban, kuma maganinsu bai haɗa hanya ba. In injin bai juya ba sam, ko ya juya da kyar kamar mai jan kaya a tudu, to maganar tana tsakanin batir da wayoyinsa da gidan makulli da kik. In kuwa yana juyawa garau, "ca-ca-ca-ca", amma bai kama ba, to batir da kik sun sauke nauyinsu, sai a koma wajen tartsatsi da mai. Wanda ya sayi sabon batir domin motar da ke juyawa da ƙarfi, ya zubar da kuɗinsa ne a kwata.

Bari mu fara da wadda ba ta juyawa, domin ita ta fi yawa. Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya bukatar kayan aiki. Kunna fitilun gaba, ka fuskanci bango ko ka sa wani ya tsaya yana kallo, sa'an nan ka murɗa makulli. In fitilun suka mutu ɗungum, galibi kan batir ne bai kama da kyau ba, ko kuwa batirin ba kome a cikinsa. In suka dushe ƙwarai, injin kuma ya yi nishi, to batir ya yi rauni, ko kik ɗin yana jan wuta fiye da kima domin cikinsa ya cinye. In kuwa fitilun na nan da haskensu ba su ko motsa ba, wutar ba ta isa kik ba ke nan, ko ta isa ta rasa hanyar wucewa.

Dalilin da ya sa ɗan datti kaɗan ke iya tsai da mota shi ne yawan wutar da kik ke sha. Fitilun gaba biyu ba su wuce amfiya goma ba. Kik kuwa, lokacin da yake juya injin fetur, yakan ja amfiya ɗari ko fiye. To kan batir da ya yi farin gari ko kore-kore, ko wanda notinsa ya saki, zai iya ba fitila da rediyo da oda abin da suke so, mai mota ya ga kome na aiki ya rantse batir lafiya. Amma da kik ya nemi nasa kason, sai hanyar ta toshe. Gobe kuma mota ta faɗa rami, kan batirin ya ɗan gusa ya sami wuri mai tsabta, sai ta tashi. Ga asalin yi-da-barin nan ke nan a mafi yawan motoci. Mu da ke zaune kusa da teku abin ya fi damun mu, domin laima da iskar gishiri ta Ikko suna cin ƙarfe da sauri fiye da yadda yake ci a Kano ko Katsina.

Bayan ka murɗa ta ƙi, taɓa kan batir da yatsa a hankali. Wanda ka ji ya yi zafi, nan cutar take. Maganinsa kuwa ba kuɗi: cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, sa'an nan mai alamar tarawa, a wanke da ruwan zafi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a mayar a ɗaure tamau, a shafa giris a sama. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, zai kashe ruwansa. Kada kuma a kusanto da sigari ko ashana, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta. Masu cusa ƙusa ko ƙyallen ƙarfe a kan batir su buga da dutse domin ya kama, su sani kwana kaɗan suka saya.

Wanda ke da 'yar mitar awon lantarki, ko makanikinsa ke da ita, aikin ya fi sauƙi. Batir mai lafiya da ya kwana ba a taɓa shi ba zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, wajen rabi ya rage. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In injin na aiki kuma, a ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar caji na shiga. In bai kai haka ba a duba fambel ko ya saki, a duba altaneta. Batirin da ba ya samun cikakken caji yakan tashi mota ran da aka yi doguwar tafiya, ya gaza ran da aka wuni a cunkoso da fitila a kunne, mai shi ya rasa gane dalili.

WAYAR DA KOWA KE MANTAWA

Yanzu ga abin da ya same ni. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Tana fita daga batir ta babbar waya zuwa kik, amma hanyar dawowarta jikin injin ne da jikin mota. Shi kuwa injin a kan roba yake zaune, roba kuma ba ta wuce da wuta. Saboda haka masu ƙera mota suka sa wata waya mai kauri, sau da yawa saƙaƙƙiya kamar kitso, ta haɗa injin ko giyabos da jikin mota. Tana can ƙasa inda ruwa da laka da baƙin mai ke dukan ta, ba mai ganin ta, ba mai tambayar lafiyarta.

Da na kai wa dattijon nan littafina bayan mako uku, ya karanta ya ga abu biyu suna maimaituwa: motar ta fi ƙi bayan an yi ruwa, fitilu kuma ba su dushewa sosai. Ya sa ni na yi ta murɗawa har muka dace ta ƙi a gabansa, ya kai hannu ya taɓa wayar totur, ya janye da sauri. Ta yi zafi. Ya ce wutar ta rasa hanyarta ta gaskiya, shi ya sa take bi ta wayar totur kamar ɓarawo ta taga. Ya ɗauko wayar jam guda ɗaya, ya maƙala kai ɗaya a ragin batir, ɗayan a jikin injin, ya ce in murɗa. Ta tashi nan take. Muka leƙa ƙasa, sai ga wayar kitson nan saura 'yan silili, notinta kuma ya yi tsatsa jawur. Abin da aka kashe wajen canza ta bai kai kuɗin man da nake sha a kwana biyu ba. Tsohon batirina da tsohon kik ɗina kuwa, da alama ba abin da ya same su tun farko.

Ban ce kik ba ya laifi ba. Yana yi, kuma shi ma yana da nasa salon yi-da-bari. A cikinsa akwai wasu 'yan gawayi da ake kira burushi, su ke goga jikin abin da ke juyawa suna ba shi wuta. In sun cinye, ko wani gefe na inda suke gogawa ya ƙone, tashin mota sai ya zama sa'a: in kik ya tsaya a wuri mai kyau jiya, yau za ta tashi, in ya tsaya a kan tabon, sai shiru. Shi ya sa za ka ga direban tasi ya fito da sifana ya ɗan ƙwanƙwasa kik yaronsa na murɗa makulli, mota ta kama. In ƙwanƙwasawa ta yi maka aiki, ka sami shaida, sai ka kai a sa sabon burushi tun ba a kai ranar da dukan ba zai yi ba. A kan kik kuma akwai ɗan gwangwani, sulanoyid, shi ne mai ƙarar "ƙas" ɗin nan. Aikinsa ya tura haƙorin kik ya kama injin, ya kuma haɗa babbar wuta. Tagullar da ke cikinsa takan ƙone da tsufa, sai ka ji ƙarar amma juyi babu. Ƙara ɗaya mai ƙarfi takan nuna sulanoyid ko waya. Ƙara mai yawa a jere kamar ana kaɗa ƙarfe, "ƙar-ƙar-ƙar", takan nuna wuta ce ta yi kaɗan.

Masu Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a nan Ikko a 1975, suna da tasu ta musamman. Batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, kik yana baya, gidan makulli kuwa yana gaba. Wutar da za ta ta da sulanoyid sai ta yi tafiya zuwa gaba ta komo baya, kuma in wayoyi sun tsufa takan iso a gajiye, balle in injin ya yi zafi. Masu wayarin sukan magance wannan da ƙara ɗan rile kusa da kik. Gidan makulli shi ma yana cinyewa a kowace irin mota, musamman wadda aka rataya wa tarin makullan gida da na shago. In sai ka jijjiga makulli take kamawa, ka san inda za ka nuna. Mai mota otomatik kuma, in ta yi shiru a P, ya taka burki ya gwada a N. In ta tashi a nan, ɗan makunnin da ke jikin giya ne ya gaji.

TANA JUYAWA AMMA BA TA KAMA BA

Nan kuma tambaya biyu ce: akwai tartsatsi? Akwai mai? Kuma sai an yi gwajin a daidai lokacin da ta ƙi, in an bari ta huce shaidar ta gudu.

Domin ganin tartsatsi, a cire wayar fulogi ɗaya, a sa wani fulogi a bakinta, a jingina ƙarfensa da jikin injin, wani ya murɗa. A riƙe da filaya mai roba, domin kwayil yana mai da bolt 12 ya zama dubbai, wanda ya taɓa sha ba ya so ya ƙara. Tartsatsi mai shuɗi mai ƙara shi ake nema. In ja ne mai rauni, ko babu, sai a buɗe distiributa.

Lokacin da take ƙi yana faɗin abubuwa da yawa. Wadda ke ƙi da sassafe a damina, ko bayan an wanke injin, amma ta tashi in rana ta ɗaga, laima ce ta kwanta a cikin murfin distiributa, ko murfin ya tsage, ko wayoyin fulogi sun tsufa suna zubar da wuta. Buɗe bonet da dare a cikin duhu injin na aiki, in ka ga 'yan walƙiya suna tsalle a jikin wayoyi, ka ga ɓarawonka. Wadda kuwa ke tashi garau da safe amma ta ƙi bayan ka tsaya sayen abu minti goma injin na da zafi, sa'an nan ta tashi in ta huce, a zargi kwayil ko kwandansa, domin su biyun zafi ne ke tona musu asiri. Kwantak shi ma yana ƙonewa, ratarsa kuma tana rufewa a hankali. A Fijo 504 da Beetle ratar wajen milimita 0.4 ce, a auna ta da ma'auni, kada a bar ta ga ƙiyasin ido. Kwandansa abu ne mai araha, amma na jabu sun yi yawa, har wani sabon yakan fi tsohon muni. In tsohonka na asali ne, kada ka yar, ajiye shi a mota.

Ta wajen mai, hanci ma yana aiki. In ka ji warin fetur ya cika wuri bayan ka yi ta murɗawa, kafireta ta sha ta ƙoshi har ta jiƙa fulogi. Kada ka yi ta famfa totur, ƙara mata kake yi. Taka shi har ƙasa ka riƙe, ka murɗa, iska za ta share. In abin yana maimaituwa, allurar da ke tsai da mai a cikin kafireta ce ba ta rufewa. In kuwa ba wari, a cire murfin matatar iska, a leƙa bakin kafireta injin a kashe, a motsa totur da hannu. Ya kamata a ga ɗan tsirin mai. In babu, mai bai iso ba: ko famfo ya gaji, ko filta ta toshe, ko tsatsar tanki ce ke zuwa ta rufe bakin bututu ta kuma saki. Wannan na ƙarshe ya fi samun masu tafiya da ɗigon mai a gindin tanki kullum. A tsananin zafi kuma fetur yakan tafasa ya zama tururi a cikin bututun da ya bi kusa da injin, famfo kuwa ba ya iya jan tururi. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo yakan fitar da mutum daga cunkoson Oshodi, amma gyaran gaskiya shi ne a nisanta bututun da zafi. Ɗabi'ar nan ta zuba fetur a bakin kafireta wani na murɗawa, a bar ta. In injin ya yi atishawa ta sama, fuska da bonet duka za su kama.

Motocin tokumbo masu injekta, waɗanda su ma yanzu sun tsufa, ba su da kwantak ko kafireta, amma cutar ba ta bar su ba. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka yi shiru. Ya kamata ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. Ran da ta ƙi, in ba ka ji ba, a duba fis da rile kafin a sauke tanki. Honda Accord na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 sun yi suna da wannan: dalmar da ke cikin babban rile takan tsage, sai motar ta ƙi tashi in ta wuni a rana cikinta ya yi zafi, da yamma ta tashi. Akwai kuma sansar da ke gaya wa kwamfutar mota juyin injin, ita ma takan ɗauke in ta yi zafi ta dawo in ta huce. Motocin da aka yi domin kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin da ake jona na'ura ta karanto abin da kwamfutar ta ajiye. Kada ka yarda a cire kan batir kafin a karanta, domin a wasu motocin cirewar tana goge bayanin.

Sauran magana ita ce ta yadda za ka yi da makaniki. Kada ka yarda a canza abu biyu a rana ɗaya, domin ko ta warke ba za ka san wanne ne ba. Ka tambaye shi gwajin da ya yi har ya ce abu kaza ne, ka kuma karɓi tsohon da aka cire ka tafi da shi gida. In ka ƙuduri zuwa Ladipo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa sayen kaya, ka tafi da tsohon a hannu a gwada su gefe da gefe. Ran da ta ƙi kuma, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma a murɗawa ɗaya, ka ba kik rabin minti ya huce kafin ka sake. In turawa ta kama, giya ta biyu ake sa wa, a taka kuloci, a saki in ta ɗauki gudu. Mota otomatik ba a tura ta, sai dai a nemo wani batir a yi mata jam.